Amiba mai taron dangi: ba wa'azi na zo yi ba

Akwai wata halitta da ke zaune cikin ƙasa, ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganye, wadda duk wanda na ba labarinta a zangon nan sai ya maida abin wa'azi. Ko yaran da nake koya wa bayoloji ne ko 'yan bes ɗinmu na Aboabo a nan Kumasi wajen shan ataya, kafin in kai ƙarshe wani zai katse ni yace kai Masta, ka ga haɗin kai ko, da mu mutanen zango za mu yi koyi da wannan ai da mun wuce nan. Abin na ɗan ci mun rai gaskiya. Ba wai haɗin kai ba shi da kyau ba ne, a'a, labarin ne ya fi haka daɗi kuma ya fi haka muni, sannan ba don darasin zaman tare ba ne masana suke kiwonta a lab tun 1935.

Sunanta Dictyostelium discoideum, amma masu aiki da ita Dikti kawai suke cewa. Amiba ce, ƙwayar halitta guda ɗaya tak, wato sel ɗaya, ba baki ba ƙafa, sai dai ta miƙo wani gefe na jikinta gaba ta jawo sauran. Ba ita ba ce amibar da ke sa atini fa, waccan Entamoeba ce, danginsu ɗaya amma na nesa, wannan ba ruwanta da cikin mutum kuraa. In ka jera guda 100 a layi da kyar su cika milimita ɗaya. Abincinta bakteriya, ta lulluɓe shi da jikinta ta narkar da shi a ciki, in abinci ya wadata duk bayan kaman awa 4 sai ta rabu biyu. Kowa harkar gabansa yake, ba wanda ya san da wani.

Sai abinci ya ƙare, toh nan ne wasan yake farawa.

Bayan wasu awanni na yunwa wasu daga cikinsu za su fara fitar da wani sinadari da ake kira cAMP. Wadda ta ji shi abu biyu take yi, ta ɗan matsa zuwa inda ya fito, sannan ita ma ta fitar da nata don na bayanta su ji, daga nan sai ta yi ɗan lokaci ba ta amsa kira, kuma akwai wani furotin da suke zubarwa mai share tsohon sinadarin don kar wuri ya cika da shi a rasa gabas da yamma. Wanda ya taɓa sallar idi a babban fili ranar da lasifika ta mutu ya san abin da nake nufi, liman zai yi kabbara a gaba, masu jiyarwa su ɗauka su miƙa, sahu bayan sahu har ta kai wa na can baya waɗanda ko rawanin liman ba sa hangowa. Haka kiran yake tafiya, kusan duk minti 6 wani sabo ya taso daga tsakiya. In aka ɗauki bidiyon farantin aka sa masa sauri za ka ga zobe-zobe da murɗe-murɗe suna fita waje, su kuma amiban suna kwarara ciki layi-layi, ƙananan layuka suna haɗuwa suna zama manya, har guda 100,000 su taru wuri ɗaya. John Bonner, wanda ya yi kusan duk rayuwarsa kan halittar nan a jami'ar Princeton ta Amurka har ya rasu a 2019 yana da shekara 98, ya ɗauki irin wannan fim tun yana ɗalibi, kuma Einstein da kansa ya nemi a nuna masa. A 1967 ne Bonner da Theo Konijn da abokan aikinsu suka gano cewa cAMP ne kiran. Abin da ya ɗaure wa mutane kai lokacin shine an riga an san sinadarin nan a jikin mutum, shi ne ɗan aike a cikin sel ɗinmu in homon ya ƙwanƙwasa ƙofa, Earl Sutherland ya ci kyautar Nobel a 1971 a kansa. Ga shi kuma wata halittar cikin ƙasa tana kiran 'yan uwanta da shi.

Da sun taru sai su yi tudu, tudun ya fitar da ɗan tsini a sama, ya miƙe, ya kwanta, ya zama wata 'yar tsutsa mai santsi tsawon milimita 2 zuwa 4, ana ganinta da ido ba sai da maikroskop ba. Tsutsar nan tafiya take, tana bin haske tana bin ɗumi, tana barin sawun yauƙi a baya. In ta samu wurin da ya yi mata sai ta tsaya, na gaba su nutsa ta tsakiyar taron su gina sanda, kowanne ya kumbura da ruwa ya yi wa kansa bango mai tauri ya mutu a haka, sauran su hau sandar har sama su zama ƙwayoyin iri masu jure fari, suna jiran ƙwaro ko tsuntsu ko ruwan sama ya kai su inda akwai abinci. Kusan kashi 20 cikin 100 ne ke mutuwa a sanda, 80 su tsira. Daga fara yunwa zuwa gamawa awa 24 ne in tsutsar ba ta yi dogon yawo ba.

Nan ne masu wa'azi ke tafi, ni kuma nan nake cewa ku dakata tukun.

Waye ke zama sanda? Ba wai wasu ne masu kyan zuciya suka ɗaga hannu ba. Tun shekarun 1970 aka nuna cewa in ka haɗa amiban da suka ƙoshi da sukari da waɗanda aka rena ba sukari, marasa ƙoshin ne suka fi ƙarewa a sanda. Wanda yunwa ta riska yana da ɗan guzuri shi ke hawa sama. Sannan akwai wani sinadari, DIF-1, wanda Rob Kay da mutanensa a Kambirij ta Ingila suka gano ainihinsa a 1987, yana tura sel ya bi hanyar zama sanda, kuma waɗanda za su zama iri su tsira su ne ke fitar da shi. Ka ji fa. Masu tsira ne ke zubar da abin da ke sa wasu su mutu. Bayan haka a shekarar 2000 Joan Strassmann da David Queller suka haɗa amiban gidaje daban-daban da aka ɗebo daga daji, suka ga sau da yawa wani gida na cika sama da 'ya'yansa ya bar wa ɗayan aikin sanda, cuta ƙiri-ƙiri. Shi ya sa halittar ma ba ta yarda da kowa ba, tana da wasu furotin biyu a fatarta, TgrB1 da TgrC1, da take gane nata da su, in na kusa da ita bai dace ba sai su fara warewa kowa ya bi danginsa. Wato taron dangi ne, ba taron jama'a ba. Duk wanda zai hau mumbari da labarin nan sai ya haɗa da wannan ɓangaren, in ba haka ba rabi ya faɗa.

Toh me ya sa masana suka maƙale mata? Tambayar da ta fi kowacce girma a ilimin girman halitta ita ce, ya aka yi ɗigon ruwa guda a mahaifa ya zama mutum mai ido da hanta da ƙashi, alhali duk sel ɗin jikinsa rubutun gado iri ɗaya suke ɗauke da shi? Waye ke gaya wa wannan kai ka zama fata, kai kuma jini? A jikin ɗan tayi abin ya cakuɗe, sel na ƙaruwa suna rarrabuwa lokaci ɗaya, iri sama da 200, kuma a ɓoye cikin ciki. Dikti ta raba maka aikin gida biyu, lokacin ci da ƙaruwa daban, lokacin gina jiki daban, kuma kai ne ke riƙe da makunnin, ka wanke bakteriyan ka bar su da yunwa shikenan agogo ya fara. Manyan iri biyu ne kawai, sanda da iri, a fili kan faranti, gobe war haka ka ga sakamako. Zakaran gwajin dafi kenan mai arha paa.

Kenneth Raper, wanda ya samo ta a dajin North Carolina ya bayyana ta a 1935, ya yi wani gwaji a 1940 da har yanzu in na tuna sai in ji daɗi sabida ba wani injin tsada a ciki. Ya ciyar da wasu amiba da wani bakteriya mai launin ja har suka yi ja, wasu kuma ya bar su farare, da suka zama tsutsa sai ya yanke kan ja ya dasa a jikin fara, ya zauna yana kallo. Jan gaban nan shi ya zama sanda. Ya kuma dasa kawuna da yawa a gefen tsutsa ɗaya, sai ta rarrabu, kowane kai ya ja nasa rabon ya tafi. In kuma ka datse tsutsar biyu ka ba su lokaci kowane guntu zai sake lissafi ya fitar da sandarsa da irinsa daidai gwargwado, wasu da da za su tsira su koma sanda. Hannu da ido da haƙuri, da su ya nuna cewa makomar sel ba a rufe take ba, tana sauraron maƙwabta. Kusan duk Diktin da ke lab-lab na duniya yau jikokin wadda Raper ya ɗebo ne, ana ce mata NC4, daga ita aka fitar da irin su AX2 da AX3 masu iya rayuwa cikin romo a kwalba ba sai an ba su bakteriya ba.

Wani abin da ya ƙara mata farin jini, kwafi ɗaya take da shi na kowace ƙwayar gado, mu biyu gare mu, na uwa da na uba, in ɗaya ya lalace ɗayan ya rufa asiri. Ita ba mai rufa mata, ka cire abu nan take ka ga abin da ya ɓaci. A 1987 Arturo De Lozanne da James Spudich a Stanford suka kashe ƙwayar gadon myosin II, ɗan uwan furotin ɗin da ke jan tsokar hannunka, kowa na zaton sel ɗin zai mutu ko ya kasa motsi. Bai mutu ba, yana rarrafe abinsa. Amma in yana shawagi cikin romo ba ya iya tsuke cikinsa ya rabu biyu, sai ya yi ta ƙato da cibiyoyi da yawa a ciki, kuma in yunwa ta zo suna taruwa su yi tudu su tsaya nan. Da gwaji ɗaya aka ga aikin furotin ɗin a sel mai rai, abin da yake yi da abin da ba shi ke yi ba. A 2005 aka gama karanta rubutun gadonta gaba ɗaya, harafi miliyan 34 a kuromosom 6, ƙwayoyin gado wajen 12,500, mu kuma da duk girman kanmu wajen 20,000 ne. Akwai ma rumbu a jami'ar Northwestern ta Chicago inda ake ajiye ire-irenta ana aika wa masu bincike.

Ni dai inda abin ya fi taɓa ni shine maganar fararen ƙwayoyin jini. In ka yanke a yatsa datti ya shiga, akwai sel a jininka da ke fita daga jijiya su rarrafa zuwa wurin suna bin ƙanshin sinadari, su lulluɓe bakteriya su cinye, ruwan mugunya da kake gani yawanci gawarsu ce. Rarrafen nan da cin nan kusan salo ɗaya ne da na Dikti, kayan aikin cikin ma da yawa iri ɗaya ne. Su kuma fararen ƙwayoyin jinin mutum ba su daɗewa a faranti kuma taɓa gadonsu wahala ne, shi ya sa mutane irin su Peter Devreotes a Johns Hopkins suka yi shekaru suna tambayar amiba maimakonsu. Ya sel ke sanin gaba da baya alhali bambancin sinadarin tsakanin goshinsa da ƙeyarsa bai wuce kashi 2 cikin 100 ba? Suka liƙa wa wasu furotin wani abu mai ƙyallin kore, suka kawo bakin siririn allura mai ɗigar cAMP kusa da sel, sai ka ga gefen da ke fuskantar allurar ya kama kore, a matsar da allurar baya koren ya bi ta cikin daƙiƙoƙi, sel ya juya. Na nuna wa yarana wannan bidiyon a waya, ajin da ba ya shiru ya yi tsit. Kuma irin wannan rarrafen ne sel ɗin ciwon daji, wato kansa, ke yi in zai bar inda ya tsiro ya bazu a jiki, don haka masu binciken kansa ma suna leƙowa.

Sai maganar cututtukan da suka koyi zama cikin mai cin su. Wasu bakteriya in an haɗiye su ba su narkewa, sai su maida cikin sel ɗin gida. Legionella, mai kawo wani mugun ciwon huhu da aka fara ganewa bayan ɓarkewarsa a Philadelphia a 1976, asalinsa cikin amiban ruwa yake zaune, dabarar da ya koya can ita yake yi wa sel ɗin huhunmu. Ƙwayar tarin tibi ma cikin sel ɗin da ya haɗiye ta take zama. Tibi kuwa ba a wasa da ita a lab, sai ɗaki na musamman, ga jinkirin girma, don haka Thierry Soldati da mutanensa a Geneva suke amfani da 'yar uwarta Mycobacterium marinum mai kama kifi da kwaɗi, su sa wa Dikti ita su kalli yadda take fasa ɗakin da aka kulle ta, har a 2009 suka nuna yadda take ficewa daga sel ɗaya ta shiga na kusa ba tare da ta fasa na farkon ba.

Sunan marinum ɗin nan ya kamata ya sa kunnen mutumin Asante ya tashi. Daga zuriyarta ne ƙwayar gyambon Buruli ta fito, Mycobacterium ulcerans, wadda ta samu ƙarin wani guntun gado da ke sa ta yin dafin da ke cin fata ya kashe zafi, shi ya sa gyambon ke faɗi mutum bai jin ciwo sosai har sai ya yi nisa. Wanda ya san ƙauyukan Amansie ko wajen Agogo ya san cutar nan ba labarin littafi ba ce. Kuma a nan Kumasi, cibiyar bincike ta KCCR da ke cikin jami'ar KNUST, wadda muke ce wa Tek, ta daɗe tana aiki a kanta, gwajin da ya tabbatar cewa ƙwayoyin sha na rifampicin da clarithromycin na sati 8 suna warkarwa ba sai an sha allura ba a Ghana da Benin aka yi shi, aka buga a 2020. Ba cewa nake amiba ce ta kawo wannan maganin ba, ba ita ba ce. Cewa nake dangin ƙwayar da ke cin ƙafar yaranmu ana nazarinsu a cikin wata halitta da kiwonta bai kai kuɗin kiwon ɓera ba, kuma ina ganin ɗaliban Tek da na jami'ar Legon sun fi kowa hujjar su saba da ita.

Akwai kuma masu gwada magani a kanta. Robin Williams a Royal Holloway ta Ingila ya yi amfani da ita wajen bin diddigin yadda valproate, maganin farfaɗiya, ke aiki cikin sel, daga nan aikin ya kai su ga wani kitse mai suna decanoic acid da ake samu a man kwakwa. Don Allah kar wani ya karanta wannan ya ajiye maganin asibiti ya kama shan man kwakwa, na san halinmu.

Kawuna, tsohon direban Kumasi zuwa Bawku ne, da na yi masa wannan bayanin sai yace, "Kai ɗan nan, abin da ba shi da jini ba shi da kai, shi za a tambaya ciwon mutum?" Nace Kawu ai ba ciwon ake tambayarsa ba, yadda sel ke tafiya da ci da rabuwa ake tambayarsa, wannan kuwa tun kafin a yi jini da kai ake yinsa. Yace toh Allah ya ba da sa'a, da muryar da ke nuna bai saya ba. Kuma yana da rabin gaskiya. Dikti ba ta da jijiya ba ta da hanta ba ta da ƙwaƙwalwa, duk abin da aka gani a jikinta sai an je an sake dubawa a sel ɗin mutum ko a ɓera, wani ya tabbata wani ya faɗi. Abin da take yi shine ta rage maka hanya, tambaya goma ka jefar da takwas a sati ɗaya kafin ka kashe kuɗi kan biyun da suka rage.

Mu ma mun gwada da yarana, ba da ta lab ba, da 'yan uwanta na daji, tunda danginsu sun haura iri 100 kuma suna ko'ina har ƙasashen zafi. Na ɗebo ƙasar sama-sama da ruɓaɓɓen ganye daga gonar koko ta wani abokina a hanyar Ejisu, muka dafa busasshiyar ciyawa muka tace ruwan muka haɗa da aga, wato garin da ke sa ruwa ya daskare, a tukunyar fresha, sabida in abincin ya yi yawa fumfuna ce za ta cinye farantin kafin amiba su ce uffan. Muka dama ƙasar da ruwa mai tsabta sosai-sosai, ɗigo kaɗan a kowane faranti, muka ƙara bakteriyan E. coli na lab ɗin makaranta. Farantai da yawa fumfuna ta ci su duk da haka. Amma a wasu, bayan 'yan kwanaki, in ka karkata farantin wajen taga ka sa gilashin ƙara girma, sai ga siraran sanduna tsaye kowacce da ɗigon ruwa a kai, wasu ma da rassa zagaye da sandar hawa-hawa, irin na dangin Polysphondylium. Wata yarinya da ba ta taɓa tambaya a aji ba ta riƙe gilashin ta ƙi ba kowa, tana cewa Sa, wallahi wannan jiya ba ya nan.

Matsalarmu a nan zafi ne. Dikti ta lab digiri 22 take so, in ya haura 27 ta fara wahala, ɗakin ajinmu kuwa a watan Maris kun san yadda yake, in ka dogara da AC kuma dumso ya zo aka ɗauke wuta, aikin sati ya tafi. Na dajinmu sun fi ta haƙuri tunda nan aka haife su. Malamin da ke son gwadawa ya bari sai damina ta zauna, wajen Yuni zuwa Agusta lokacin da garin ke sanyi, ya ajiye farantan a ƙasan siminti na ɗakin da rana ba ta bugu, kar ya naɗe bakinsu da tef sabida suna buƙatar iska, kar yara su dinga buɗewa suna shinshinawa don ba amiba kaɗai ke tsirowa daga ƙasa ba, in an gama kuma a jiƙa komai cikin bilic kafin a zubar.